Akwatin kwamfuta mai shan iska: me kuka gani da idonku?

SabonHannu: Salamu alaikum 'yan'uwa. Ina haɗa kwamfutar tebur don wasanni. Katin girafik da furosesa sun samu, saura akwati. Raina ya fi kwanciya da masu gilashi gaba da gefe saboda kyau, amma ana ta ce mini zafi zai dame ni. Wanda ya taɓa amfani da irinsu, don Allah ya faɗa mini abin da ya gani.

Maigyara: Wa alaikumus salam. Malam, kafin komai dubi gaban akwatin. Kwamfutocin wasa da ake kawo mini da kukan zafi, yawancinsu gabansu gilashi ne ko roba a toshe, iska sai ta 'yar tsaga a gefe take shiga. Fanka uku na juyawa a bayan gilashin, ga fitilu masu launi, amma iskar da ke isa katin kaɗan ce. Gwajin da nake yi mai sauƙi ne: in buɗe manhajar duba zafin kwamfuta irin su HWiNFO ko MSI Afterburner, in kunna wasa mai nauyi, in duba zafin, sannan in cire murfin gaba in sake dubawa. In zafin ya sauka sosai, to akwatin ne ke shaƙe kayan. Gilashin gefe ba shi da laifi. Gaba ne ya kamata ya zama raga.

'YarWasa: Gaskiyar Maigyara. Tsohon akwatina, katin yakan haura digiri 80, fankokinsa su yi ta ihu har sai na ƙara sautin wasa. Da na mayar da kayan cikin Lian Li Lancool 216, mai manyan fankoki biyu na milimita 160 a gaba, abin da na fara lura da shi shirun ne. Babbar fanka tana tura iska mai yawa ba tare da ta yi gudu sosai ba, shi ya sa ta milimita 140 ta fi ta 120 sauƙin ƙara.

TsohonƊanWasa: Ni ina da ɗan ja. Raga tana kawo iska, amma tana kawo ƙura, kuma ƙarar ciki tana fitowa. Abin da ya yi mini magani shi ne fankokin da ke shigo da iska su fi masu fitarwa ƙarfi: biyu ko uku a gaba bayan matatar ƙura, ɗaya a baya. Haka iska ke fita ta kowace kafa, ƙura ba ta samun hanyar kutsowa ta ramukan da ba su da matata. Kuma a ɗaga akwatin daga ƙasa. Kan kafet, na'urar wuta da ke shan iska ta ƙasa tana wahala.

SabonHannu: Na gode, Yaya. To yaya zan gane inda fanka ke hura iska?

TsohonƊanWasa: Gefen da sandunan da ke riƙe da injin fankar suke, ta nan iskar ke fita. Wasu ma akwai 'yar kibiya a jikinsu.

Maigyara: Ƙarin abu, ɗan'uwa: auna kafin ka saya. Manyan katunan yanzu da yawa sun wuce milimita 300 a tsawo. In za ka sa na'urar sanyaya furosesa ta ruwa a gaba, lagireto da fankokinsa za su cinye kusan milimita 50 daga wurin katin. Na sha ganin akwatin da takardarsa ta ce katin zai shiga, amma da aka ɗora lagireto sai ya ƙi. In kuma ta iska ce, duba tsayinta: Noctua NH-D15 milimita 165 ce, ba kowane akwati ne murfinsa zai rufu a kanta ba. Ka tabbatar kuma yana ɗaukar girman madabod ɗinka, wato babban allon da ake ɗora furosesa da katin a kai, ATX ne ko Micro-ATX.

SabonHannu: Madabod ɗin ATX ne, kuma ta iska zan sa. Zan auna katin yau, in nemi mai raga a gaba da gilashi a gefe kawai. 'Yar'uwa, matatar ƙurar Lancool ɗin tana da sauƙin cirewa a wanke?