Masana sun zaɓi jirgin, ko rakiyar amarya suka yi?

Malamin makaranta: Salamu alaikum. Ga magana na ajiye, mai ja ya ja. Duk ƙasar da ta ce masana kimiyyarta ne ke haska mata hanya wajen sayen jirgin yaƙi, rufa-rufa take yi. Ku dubi Ostareliya. Tana da hukumar binciken kimiyya ta ma'aikatar tsaro, wadda a da ake kira DSTO. Amma a watan Yunin 2002 ministan tsaro Robert Hill ya fito ya ce sun shiga shirin ƙera jirgin yaƙi F-35 na Amurka, alhali ana sa ran a gwada shi da Rafale na Faransa da Eurofighter da sauransu. A lokacin jirgin bai ma taɓa tashi ba, sai a ƙarshen 2006 na farkonsa ya tashi. Cinikin biri a sama ke nan. To me masanan suka auna?

Injiniya: Wa alaikumus salam Malam. Rabin maganarka na karɓa. Zaɓen jirgi siyasa ce da ƙawance, ba mai musu. Amma ka ɗauka aikin masanin shi ne ya nuna da yatsa ya ce "wancan", kuma ba nan gizo yake saƙa ba. Ka taɓa lanƙwasa waya gaba da baya har ta tsinke? Ba ƙarfinka ya tsinke ta ba, maimaitawar ce. Haka fiffiken jirgi yake. Duk juyin da matuƙi ya yi a sama ƙarfen yana gajiya, tsaga ƙanana da ido ba ya gani suna ƙara tsawo. Kamfani zai ce maka jirgin zai yi awa 8,000, wanda shi ne abin da aka tsara wa F-35. Wa zai tabbatar maka, a irin yadda kai kake tuƙa shi, a zafin ƙasarka?

Auta: Yaya Injiniya, ba kamfanin ne ke yin wannan gwajin ba? Me ya sa mai saye zai sake wahala?

Injiniya: Auta, in ka je sayen mota 'yar kwatano, bakaniken dillali kake kira ko naka? A Fishermans Bend da ke Melbourne masanan Ostareliyar suna da wurin da ake ɗaure gangar jikin jirgi a cikin keji na ƙarfe, a jera masa jak-jak masu aiki da mai, su yi ta dannawa suna saki dare da rana, har a tara masa wahalar shekaru cikin watanni. In ya tsage sai a yanko wurin a sa a madubin ƙara girma, a karanta layukan da tsagar ta bari, a san yaushe ta fara da saurin da take ci. Da irin wannan aikin suka duba tsakiyar jikin tsofaffin F/A-18 Hornet ɗinsu. An shirya sauya wa jirage 49 wannan sashen, sai gwajin ya nuna 10 sun isa. Kuɗin da ya tsira a nan kaɗai ba ƙarami ba ne.

Malamin makaranta: Ai ka ba ni gaskiya ba ka sani ba. Wannan jinyar tsohon jirgi ce, ba sayen sabo ba.

Baba tsohon soja: Malam, ka yi haƙuri in sa baki, don nan ne ba ku san barikin ba. Jinyar tsoho da sayen sabo igiya ɗaya ce. Sabon ya makara, kuma kullum sai ya makara. F-35 biyu na farko ba su sauka a sansanin Williamtown ba sai Disambar 2018, shekara 16 bayan waccan sanarwar, na ƙarshe cikin 72 da suka saya kuwa sai ƙarshen 2024. A tsakanin nan wa zai gaya wa gwamnati ko tsohon Hornet zai kai, ko fiffikensa zai rabu da shi da ɗan mutane a ciki? Sai da ya kai 2021 kafin su sauke shi. Kuma 'yan Ostareliya sun taɓa shan wuyar irin wannan cinikin, shi ya sa. A 1963 suka yi odar F-111 guda 24 tun yana kan takarda. A 1969 fiffiken wani F-111 ya cire a Amurka saboda aibi a ƙarfen. Nasu ba su iso ba sai 1973, har sai da suka yi hayar jiragen Phantom suka riƙe. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake.

Hajiya: Baba, da girmanka, amma labarin nan naka Malam yake taimaka wa. Wanda ya sayi jirgi a takarda a 1963 ya sha wuya, ya sake yin haka a 2002, ina gudun tsumman? Kuma a 2007 sai da suka zuba wasu kuɗin suka sayi Super Hornet 24 don toshe giɓi. Ni abin da ya fi damuna daban ne. F-35 kwamfuta ce mai fiffike, kuma Amurka ba ta ba kowa asalin rubutun manhajar. Hatta bayanan da ake loda masa don ya gane radar abokan gaba, a sansanin Eglin da ke Florida 'yan Ostareliya ke zuwa su haɗa. Masaninka zai iya ƙirga tsagar ƙarfe, amma ƙwaƙwalwar jirgin a kulle take.

Baba tsohon soja: 'Yata, kin kama ni a ta farko. Ta biyun kuwa, wa kike so ya zauna a ɗakin nan na Eglin in ba wanda ya san radar ba? Ɗan siyasa?

Auta: Na ga an ce wasu masu sharhi a can, irin su Carlo Kopp, sun dage F-22 ya kamata a saya.

Injiniya: Sun dage, amma majalisar Amurka ta haramta sayar da F-22 ga kowace ƙasa tun ƙarshen shekarun 1990. Ba a tayin abin da ba ya kasuwa.

Malamin makaranta: To bari in rage wa maganata tsawo, ban janye ba. Na yarda masanan ba ado ba ne. Amma an kira su ne bayan an biya sadaki, aka ce su duba lafiyar amarya.

Baba tsohon soja: Ko hakan ma wani bai samu ba. Mu a Najeriya jiragen Jaguar 18 muka sayo daga Ingila a tsakiyar shekarun 1980, ba su yi shekara goma suna tashi ba aka jingine su a Makurdi. Yanzu ga M-346 guda 24 an yi oda daga Italiya. Ni tambayata, wa zai ƙirga mana awowin fiffikensu?

Hajiya: Baba ka buɗo wata muhawarar, kuma an kira la'asar. Malam dai bai amsa min zancen manhajar ba, Injiniya ma ya zille.

Injiniya: Ban zille ba Hajiya, a wannan ba ni da ta cewa. Kin fi ni gaskiya.