Neman shawara: yara shida a gurup, ɗaya ke rubutu sauran suna kawai suke sawa

Baban Sadiya, Garwa:
Assalamu alaikum malamai da iyaye, dan Allah shawara nake nema. Tarihi da jogarafi nake koyarwa a wata lise, wato babbar sakandare, nan Garwa, ajin sekond, yaran sun haura 70, shi ya sa in zan ba da ekspoze, wato aikin bincike da za su gabatar a aji, dole in raba su gurup gurup na mutum biyar ko shida in ba haka ba gyaran takardu kaɗai sai ya cinye min trimes, wato zangon karatu. Wannan karon na ba su aiki kan madatsar ruwa ta Lagdo tunda abin gida ne, kowa ya san Binuwai, wasu ma iyayensu masunta ne a can. To abin da ya dawo min wlh sai a hankali. Wani gurup shafin farko sun ce an gama madatsar a 1982, wanda haka ne, shafi na uku kuma ga wata shekara daban, ba wanda ya lura don ba wanda ya karanta na ɗan'uwansa, kowa ya kwafo nasa a intanet ya tura wa shugaban gurup ta WhatsApp shi kuma ya kai sibe, shagon intanet, aka manna aka buga, ko girman harufan bai zo ɗaya ba. Wani gurup kuma aikin ya yi kyau amma tun layin farko na gane hannun yarinya ɗaya ne. Na tambayi ɗaya daga mazan wace ƙasa ta gina madatsar, ya tsaya yana kallon silin, alhali ga Sin nan a rubuce a takardar da sunansa ke kai.

Wani abokin aiki ya ce akwai manhajar da mutane da yawa ke rubutu a shafi ɗaya lokaci guda, malam kuma yana ganin wa ya rubuta me. Wacce ce, tana tafiya a ƙananan android ɗin nan, kuma tana cin data? Sannan makin fa, ya ake raba shi ba a zalunci kowa ba? Ku sani an hana shigowa da waya makarantarmu, ɗakin kwamfuta kuma akwai amma masu tashi ba su da yawa.

Mai sibe, Marwa:
Wa alaikumus salam Malam. Google Docs yake nufi, tun 2006 ake amfani da ita kuma kyauta ce in akwai Gmail. Kai za ka buɗe takarda ɗaya wa kowane gurup daga akawun ɗinka, kar ka bar yaro ya buɗe, don wanda ya buɗe shi ne mai ita, ran da suka yi faɗa sai ya kori sauran. Wajen rabawa izini uku ne, mai karatu kawai, mai sharhi, da mai gyara. Abin da kake nema yana cikin Fichier sannan Historique des versions, wato tarihin takardar, za ka ga sunan kowa da launinsa da lokacin da ya taɓa takardar, in ka ga sakin layi guda ya faɗo tim cikin minti ɗaya ka san mannawa aka yi. A kwamfuta ake ganin wannan da kyau, waya ba ta nuna shi yadda ya kamata.

Amma fa ka gayyace su ta adireshin Gmail na kowa. In ka saki link wa duk mai so, waɗanda ba ka gayyata da suna ba za su riƙa fitowa da sunan dabbobi, raƙumi, kura, dorina, ka rasa wane ne wane, tarihin ya tashi a banza kenan. Data kam rubutu zalla ba ya ci, sauke manhajar a karon farko ne da nauyi, sai hotuna in sun cika su. Kuma ana iya ajiye takardar a waya a yi rubutu ba rezo, wato ba intanet, in ya dawo ta haɗe da kanta.

Malama Maman Ikram, Njamena:
Malam ni Faransanci nake koyarwa kuma Framapad ta fi min sauƙi da yara. Wata ƙungiya ce a Faransa, Framasoft, take riƙe da ita, an gina ta kan Etherpad wadda ta fito a 2008, Google ta saye ta ƙarshen 2009 ta saki lambobinta wa kowa. Ba akawun, ba sauke komai, link kawai, yaro ya buɗe ya sa sunansa ya zaɓi launi, duk harafin da ya rubuta launin na bayansa. Kana buɗe shafin ka ga rabinsa kore ne, shuɗi layi biyu kacal, ba sai ka tambayi kowa ba. Akwai kuma ɗan agogo a sama da kake ja ka kalli yadda rubutun ya girma tun daga farko, da wurin hira a gefe.

Aibinta kuma in faɗa maka tun yanzu. Sai da rezo a tsaye, in ya yanke rubutu ya tsaya. Yaro in ya canja waya sai ya dawo kamar sabon mutum da wani launi. Duk mai link yana iya gogewa, har launukan ma akwai maɓallin share su, kuma yara suna gano shi da wuri. Sannan kana zaɓar wa'adi ne lokacin buɗewa, in an daɗe ba a taɓa shafin ba sai a goge shi, don haka ran da suka gama ka sauke kwafinka.

Tsohon malami, Gidar:
Baban Sadiya ɗana, na karanta abin da suka ce kuma duk gaskiya ne, amma ni ban ga cutar a nan ba. Na'urar nan wanda ya danna take nuna maka, ba wanda ya yi tunani ba. A gurup na mutum shida wataƙila biyu ne da waya, ɗayan ma ta yayansa ce. Za su zauna a zaure su shida, yarinyar da ta fi kowa kai tana faɗa, mai waya yana bugawa, kai kuma ka buɗe da dare ka ga launinsa ya cika shafi ka ba shi 16 ita ka ba ta 8. Ka ga an gudu ba a tsira ba.

Tun a aikin da aka ba su abin ya lalace. In ka ce ku rubuto min kan Lagdo, amsar na nan kwance a intanet, me zai sa su zauna tare? Ka ba su abin da sai an fita. Ɗaya ya je kasuwa wajen masu sayar da kifi ya ji ko kifin yana ƙaruwa ko raguwa a ganinsu, ɗaya ya tambayi manomin bakin kogi me ke faruwa da gonarsa in an saki ruwa, ɗaya ya nemo labarin ambaliyar 2012 da ta taɓa mu ta taɓa Najeriya, ɗaya ya zana taswira da hannu. Hirar da Fulatanci ko Hausa za a yi ta, mai da ita Faransanci kuwa ba inda za su kwafo, dole su yi musu kan kowace jimla, kuma musun nan shi ne karatun.

Rubutun haɗin gwiwa a aji ya girmi kwamfuta nesa. Célestin Freinet, malamin ƙauye a kudancin Faransa, tun 1924 ya shigo da ƙaramin injin ɗab'i ajinsa, yara su rubuta, su karanta wa juna, su zaɓi guda, a sa a allo kowa ya sa baki a gyara sannan a buga. Duk wanda ya bi ta makarantar horon malamai ya ji sunansa, aiki da shi ne ba mu yi. Ni da biro nake yi, kowa da kalarsa a takardar gwaji guda, kuma takardar gwajin nan da duk kashe-kashenta nake karɓa tare da mai tsabtar.

Maki kuma ga yadda nake yi kan 20. Takardar gurup 10, kowa ɗaya. Takardar gwaji 4. Sauran 6 ranar gabatarwa, in tsayar da yaro in tambaye shi kan ɓangaren da ba shi ya rubuta ba. In sun san haka tun ranar farko su da kansu za su tsare malalacin sai ya karanta.

Maman 'yan biyu, Garwa:
Allah ya ƙara lafiya Baba, ka faɗi abin da ke raina. Malam mu iyaye dan Allah a riƙa tuna mu, ba kowane gida ke iya sayen forfe, wato data, don aikin lekol ba, ga kuɗin fotokopi ga na bugu, ga wuta in ta tafi a lokacin zafi waya ko caji babu. Kuma ni gaskiya ba na son a ce 'yata dole ta ba maza lambarta wai gurup, ƙarfe goma sha ɗaya na dare waya na ƙara ana cewa ekspoze ne. In za a yi, malam ya kasance a ciki, kuma a sa lokacin rufewa.

Ɗalibi a jami'ar Ngaundere:
Malam ni da takarda ɗaya muka rubuta rahotonmu mu huɗu, kafin nan fayil muke ta turawa juna, ga final ga final biyu ga final na gaske, ƙarshe ba wanda ya san wanne ne sabo. Abin da ya cece mu doka ɗaya ce, ba mai goge rubutun wani. In ka ga kuskure ka juya zuwa yanayin ba da shawara, gyaranka ya fito da launi a gefe, mai rubutun ya karɓa ko ya ƙi. Ko a Word da LibreOffice akwai irinsa, wato bibiyar gyara, kuma wannan ba ya buƙatar intanet sam, kle USB ta isa, kun ga kwamfutocin makarantar da ke tashi sun samu aiki.

Sai dai Baba ka yi haƙuri, 10 kowa ɗaya ɗin nan ta yi wa malalaci daɗi, ya samu rabin maki yana barci. Mun sha wannan, kai ka kwana kana rubutu shi ya zo da safe yana tambaya ko an sa sunansa daidai. Sannan a naɗa mutum ɗaya na ƙarshe da zai karanta duka daga sama har ƙasa da ƙarfi gaban sauran, nan ne ake kama irin shekara biyun nan da Malam ya gani. Kuma yanzu ba Wikipedia kaɗai suke kwafa ba, ChatGPT ma suna sawa ta rubuta, wasu har su zauna su sake bugawa da hannu harafi harafi don tarihin ya nuna kamar su suka yi.

Tsohon malami, Gidar:
Ɗana ba ka yi laifi ba. Wanda ya kasa amsa ko ɗaya ranar gabatarwa kuma ba kalarsa a takardar gwaji, 10 ɗin ma ba ya samunta cikakkiya, kuma ina faɗa musu haka kafin a fara. Amma in ka rage makin gurup da yawa kowa zai koma gyaran nasa shafin kaɗai, ka dawo inda Malam ya fara.

Baban Sadiya, Garwa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Ga abin da na tsayar. Zan sake ba su Lagdo ɗin amma da fita tambaya yadda Baba ya ce, takardar gwaji da biro kala kala a aji a gabana, sannan bugawa kaɗai za a yi a Google Docs, kowane gurup takarda ɗaya da ni zan buɗe, su yi a ɗakin kwamfuta ranar Laraba da yamma tunda ba darasi. Hajiya Maman 'yan biyu ki kwantar da hankali ba zan buɗe musu gurup na WhatsApp ba. Tambaya ɗaya ta rage, in wa'adi ya cika ya zan hana su ci gaba da taɓa takardar?

Mai sibe, Marwa:
Mai sauƙi ne Malam, ka shiga wurin rabawa ka sauke kowa daga mai gyara zuwa mai sharhi, za su ga gyaranka su amsa maka amma ba su iya canja rubutun da kansu. Kafin nan ka shiga tarihin ka sa wa sigar ranar suna, ka kuma sauke PDF ka ajiye a kle. Kuma ka ce su fita daga Gmail ɗinsu in sun tashi daga kwamfutar, nan shagona kullum sai na tarar da akawun ɗin wani a buɗe.