Masu shirin rubuta jarabawar ATPL (babban lasisin matuƙin jirgin sama) a Legas, ku zo kowa ya faɗi yadda ya yi

Ɗan Mafoluku: Salamu alaikum jama'a. Awowina na tashi sun kusa cika 1,500 ɗin da ake nema, ina so in gama da rubutacciyar jarabawar kafin nan, to matsalar rosta ce, wato jadawalin aiki, wallahi, yau Abuja gobe Fatakwal jibi Kano, ka sauka ga goslo a Oshodi, ka isa gida ka buɗe littafi sai barci. Wasu na ce min in haddace tambayoyin baya kawai. Don Allah manyanmu da suka riga mu ku taimaka.

Kyaftin na Ikeja: Wa alaikumus salam ƙanena. Wanda ya ce maka hadda kawai bai yi maka adalci ba. Lamba ɗaya za a canza a tambayar lissafin nauyi da daidaiton kaya, ko a sauya zafin rana, shi kenan amsar da ka haddace ta tashi a banza. Ni abin da ya taimake ni shi ne duk abin da na karanta sai na gwada shi a kan filin da nake tashi kullum. Littafi ya ce ma'aunin iska na duniya digiri 15 ne a bakin teku, matsin iska hectopascal 1013.25. To Legas a bakin teku take amma da rana sai ka ga digiri 32, wato ƙarin 17, kowane digiri ka ba shi kamar ƙafa 120, ka ga jirgi ji yake kamar yana wajen ƙafa 2,000 sama alhali yana kan titin tashi mai lamba 18R bai motsa ba. Yanzu ka kai wannan lissafin Kano a watan Afrilu, fili mai tudu ga zafi ya kai 40, nan za ka gane dalilin da ya sa wani lokaci ake rage kaya. In ka fahimci wannan ko ta ina suka juyo tambayar za ka kama ta. Kuma gobe kai za ka zauna kujerar hagu ta kyaftin da rayukan mutane a bayanka, wannan ba abin wasa ba ne.

'Yar Zariya: Gaskiya ne Yallaɓai. Ni a NCAT, makarantar koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya, na yi karatu kuma darasin yanayi ne ya fi cin lokacina. Hazon hunturu da guguwar farkon damina da ke tasowa daga gabas duk mun san su, muna ganinsu ta gilashi. Amma yawancin littattafan a Turai aka rubuta su, cike suke da haɗuwar iska mai sanyi da mai ɗumi da ƙanƙarar da ke kama fiffike, abubuwan da mai zirga-zirgar cikin gida bai cika haɗuwa da su ba, dole na zauna ina zana su da hannuna a takarda har suka zauna min. Batun lokaci kuma, ka manta da karatun dare bayan aiki. Bayan Asuba nake yi ranar da ba ni da tashin safe, kafin janaretocin maƙwabta su fara.

Na Agege: Ni dai kar a raina tambayoyin baya fa. Ba don hadda ba, don saurin hannu. Lissafin hanya lokaci yake ci, in hannunka bai saba da CRP-5, faifan lissafin matuƙa, ba kana juya faifai lokaci na tafiya. Ka sa agogo, ka yi kamar kana ɗakin jarabawa. Dokar 1 cikin 60 kuma ta zama a bakinka, kaucewar digiri 1 mil 1 ce bayan mil 60.

Wanda ya dawo daga waje: Ga masu tunanin rubutawa a waje. Tsarin Turai takardu 13 ne, kowace sai ka ci 75 cikin 100, kuma wata 18 gare ka ka gama duka, saboda haka kar ka fara rubuta ta farko sai ka shirya wa sauran. Amurka takarda ɗaya ce ana cin ta da 70, amma sai ka fara yin kwas ɗin share fage na ATP-CTP, awa 30 a aji awa 10 a simileta, na'urar kwaikwayon tuƙin jirgi, ga dala yadda take yanzu. Ko wanne ka yi in dai jirgin Najeriya za ka tuƙa sai ka bi ta NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, don haka ka nemi dokokinsu ka karanta kashi na 2 mai maganar lasisi da kanka, ban da ji-ta-ji-ta. Ka kuma duba takardar lafiyarka ta aji 1 kar ta ƙare ana tsakiyar hidima.

'Yar Zariya: Af, darasin jikin ɗan Adam ma kar a bar shi sai ƙarshe don ana ganin sauƙi ne. A ƙafa 35,000 in matsin iskar cikin jirgi ya zube, tsakanin sakan 30 zuwa minti ɗaya gare ka kafin hankali ya fara gushewa.

Na Agege: Mu uku muna haɗuwa duk Asabar bayan Azahar muna lissafin hanya tare, wanda rostarsa ta bari ya yi min magana. Kyaftin don Allah in ka samu sarari ka leƙo ka yi mana bayanin jadawalin tashi da inji ɗaya, nan ne duk muka maƙale.