Shekarata 36, ina koyar da kemistiri: na makara da shiga binciken batir?

Malamar Kemistiri:
Assalamu alaikum. Shekara tara ke nan ina koyarwa a wata sakandaren 'yan mata, ina da yara uku. Batirin solar gidanmu ne ya tayar min da tsohon buri. Ni da maigida muka haɗa kuɗi muka sayi manyan batura biyu masu ruwa, amma ko shekara biyu ba su rufa ba suka daina riƙe fanka zuwa asuba. Da mai gyara ya haska tocila ta bakin murfin, sai ga farin gishiri ya daskare a jikin farantan dalma. Abin da nake zana wa ɗalibaina a allo duk shekara, shi ne ya cinye mana kuɗi. Tun daga ranar hankalina ya koma kan yin digiri na biyu a kan kayan da ake ƙera batir da su. Sai dai wani abokin aikina ya ce kada in ɓata lokaci, wai haidurojin ne zai gaji batir. Don Allah masu sani, na makara ne? Kuma wanne zan kama?

Tsohon Malamin Jami'a:
Wa'alaikumussalam 'yata. Bari in ba ki labarin John Goodenough, ki auna da kanki. Lissafi ya karanta a jami'ar Yale, yaƙin duniya na biyu ya mayar da shi mai hasashen yanayi a rundunar sojan Amurka, sai bayan yaƙi ya shiga fiziks a Chicago, inda wani malami ya nuna masa cewa ya tsufa da farawa. Ya gama digirin digirgir a 1952, ya shafe shekara 24 a ɗakin binciken Lincoln na jami'ar MIT, akasarin aikinsa a kan maganaɗisu da ƙwaƙwalwar kwamfuta. Sai a 1976 ya koma Oxford, kuma a 1980, yana da shekara 57, shi da tawagarsa suka nuna cewa haɗin litiyam da kobalt da iskar oksijin na ba da wuta kusan bolt 4. Kafin nan Stanley Whittingham ya ƙera nasa batirin litiyam a kamfanin Exxon, amma nasa bai wuce bolt 2 da 'yan kai ba, ga kuma haɗarin gobara saboda tsurar litiyam da ke ciki. Akira Yoshino na Japan ya ɗauki sinadarin Goodenough ya haɗa shi da wani nau'in gawayin man fetur a 1985, Sony ta kai shi kasuwa a 1991. Su ukun suka raba kyautar Nobel a 2019, Goodenough na da shekara 97.

Abin da nake so ki lura da shi: shekarun da ya yi yana nazarin yadda ƙwayoyin zarra ke zama a cikin haɗin ƙarfe da oksijin, su ne suka ba shi amsar batir. Ke ma shekara tara da kika yi kina maimaita tushen kemistiri jari ce. Na ga ɗalibai da yawa masu ƙuruciya da suka kasa bincike don tushensu ba ƙarfi.

Mai Haɗa Sola:
Malama, ni ban yi zurfin boko ba, amma kullum hannuna na kan batir. Zafi ne ya kashe miki su, sai kuma zuƙe su ƙarƙaf da ake yi kowane dare. A sana'armu an san cewa in zafin ɗaki ya haura digiri 25 da kamar goma, kwanan batirin dalma na raguwa da kusan rabi. To ki tuna watan Afrilu a ɗaki mai rufin kwano. Yanzu masu hali sun koma batirin litiyam mai ƙarfe da fosfet, kuma na ji cewa shi ma daga ɗakin binciken dattijon nan Goodenough ya fito a Texas a 1997. Ba kobalt a cikinsa, ba ya saurin kamawa da wuta. In za ki yi bincike, ki taimake mu da maganar zafi. Masu ƙera baturan nan a takarda digiri 25 suke rubutawa, mu kuwa a 40 muke kafa su.

Ɗaliba a Ƙetare:
Anti, ni a kan ajiyar haidurojin nake digirin digirgir, kuma ban yarda da abokin aikinki ba. Haidurojin ba rijiyar mai ba ce da za a haƙa a ɗiba yadda ake so. Yawanci sai an kashe makamashi an raba shi daga ruwa ko iskar gas. Gaskiya ne kilo ɗaya nasa na ɗauke da ƙarfin da ya kusa ninka na fetur sau uku, amma iska ce marar nauyi mai cin wuri. Motar Toyota Mirai sai ta matse shi a tanki da ƙarfin da ya ninka matsin iskar da muke shaƙa sau 700. In kuma ruwa ake so ya zama, sai an sanyaya shi zuwa digiri 253 ƙasa da sifili.

Mu hanya ta uku muke bi: garin ƙarfe da ke tsotse haidurojin kamar yadda soso ke shan ruwa, in an ɗumama ya sake shi. Haɗin lantanam da nikel, wanda masu binciken Philips a Holan suka fito da shi wajen 1970, yana aiki a zafin ɗaki, amma abin da yake riƙewa bai kai kashi 1.5 cikin ɗari na nauyinsa ba. Magnisiyam na riƙe kashi 7.6, ga araha, amma ba ya sakin iskar sai zafi ya kai wajen digiri 300. Tsakanin waɗannan biyun muke ta fama shekara da shekaru.

Ga abin da zai ba ki sha'awa. Ƙananan baturan caji na nikel da ake sa wa tocila da rediyo, da wanda motar Toyota Prius ta farko ta fito da shi a 1997, haidurojin suke ajiyewa a cikin irin wannan garin ƙarfen. Stanford Ovshinsky, wanda ya inganta su, ko jami'a bai shiga ba. Don haka fannonin biyu ɗaki ɗaya suke kwana. Wanda ya iya ɗaya, ƙetarawa ba ta yi masa wuya.

Amma kada in ɓoye miki, aikin na da cin rai. Na taɓa yin wata huɗu ina niƙa garin magnisiyam a cikin akwatin gilashi mai safar hannu da aka cika da iskar argon, ɗan tsagu a safar ya bar iska ta shiga, komai ya lalace. Kafin ki biya kuɗin makaranta, ki tambayi sashen ko suna da na'urar auna caji da saukar batir da ke aiki, da kuma inda suke kai samfur a haska shi da eksire.

Malamar Kemistiri:
Baba, Allah ya ƙara girma, ka kwantar min da hankali. Ƙanwata, na rubuta tambayoyin nan biyu a littafina, ranar Litinin zan je sashen kemistiri in yi su. Malam mai sola, maganarka ce ta tsaya min a rai. Matattun baturan nan suna nan a zaure ban sayar wa 'yan gwangwan ba. In na sami mai duba aikina, za ka iya haɗa ni da gidaje goma da ka kafa wa batir, in riƙa auna zafin ɗakunan daga Maris zuwa faɗuwar damina?