Musayar Waƙa: Wuta, Famfo da Kwata

Mai Filaya:
Taransifoma ba ta mutuwar banza,
Layi uku ne, ɗaya ke ƙonewa.
Kowa ya maƙala wayarsa a ja,
Shuɗi da rawaya suna hutawa.
Fis ya tsinke, a ɗaura waya mai kauri,
Mai ya ƙafe, ba mai dubawa.

Sarkin Famfo:
Malam Mai Filaya, sannu da wa'azi,
Wa ya ɗaura wayar in ba ku ba?
Duhu akan kwana da shi a tashi,
Ƙishirwa ba ta san haƙuri ba.
Bututun da ya kwana ba ruwa ciki,
Kada ka ce bai sha komai ba:
Ta tsagar da ke kwance cikin kwata
Yake zuƙo dauɗa, ba a gani ba.
Ran da aka saki ruwa, na farkon
A zubar, bai cancanci randa ba.

Goggon Zaure: Ranka ya daɗe Sarki! Filaya, koma kan falwayarka.

Mai Filaya:
Sarkin famfon da sai iska,
Injinka da me yake juyawa?
In babu bolt 415 a layi uku,
Ruwa bai san hanyar hawa.
Layi ɗaya ya faɗi, injin ya yi gurnani,
Kafin ka kashe, sai ƙonewa.

Malam Na-Aruli: Dakata, ƙanena. Ɗangonka na uku gurgu ne. Furta lambar nan ka ƙirga: gaɓa 17, na samansa 10. Wane kari ne wannan?

Mai Filaya: Karin wuta ne, Malam, hawa da sauka yake.

Malam Na-Aruli: Kai ma Sarki kada ka yi dariya. Amsa-amo da "ba" ta korewa ai kowa ya iya, sai ka yi ta musu har baiti ɗari.

Goggon Zaure: Allah gafarta Malam, kai ina naka baitin? Kullum sikeli, ba kaya.

Ɗan Autan Layi: Gaskiyar Malam ce. Filaya ma ya maimaita "ƙonewa" sau biyu.

Goggon Zaure: Yaro, aikinsu ke nan, dole ta maimaitu.

Malam Na-Aruli: Ba yawan gaɓa kaɗai ba, nauyinta ake aunawa. A rera a ji inda numfashi ke yankewa.

Sarkin Famfo:
Malam, ga wani ba "ba" a ciki:
Mai kuɗi ya ɗaura inji kan babban bututu,
Ya zuƙe rabon na ƙarshen layi,
Su sai layin jarka da surutu.

Uwar Tsintsiya: (sai yanzu na ga saƙonninku)
Ku biyun nan duk gwanayen tono ne,
Ku haƙa titi, ku bar mana rami.
Yashin ya gangara ya cike kwata,
Leda ta zo ta toshe mata baki, sai tsami.
Ruwan ya kwanta kwana goma,
Ƙwan sauro ya tashi da makami.
A fara yasa daga ƙasan gangare,
A kwashe dauɗar ranar, kada ta kwana,
In an tara ta a gefe, ruwan farko ya maido.

Malam Na-Aruli: Hajiya, baitin ƙarshe ɗango uku ne, kuma amsa-amon ya gudu.

Uwar Tsintsiya: Ya bi kwata, Malam. Ɗauko shebur ka nemo shi.