Shahon Arewacin Turai mai gashin ƙafa: yaya ake gane shekarunsa?

Ɗan Samaru: Salamu alaikum, malamai. A hotunan hunturu na Buteo lagopus, wato shaho mai gashin ƙafa, me ke raba ƙarami da babba? Kuma yana zuwa Zariya?

Malam Tudun Wada: Wa alaikumus salam. Ba ya zuwa. A yankin ƙanƙara na Arewacin duniya yake ƙyanƙyasa, ya yi hunturu a Turai, tsakiyar Asiya da Amurka ta Arewa. Fara da ido: na ɗan bana fari-fari ne, na babba ruwan ƙasa mai duhu. Sai gefen fiffike na baya: a babba baƙin layin ya fito rangaɗau, a ƙarami ya dusashe kamar an goge shi. Cikin ƙarami baƙi ne ƙirin, ƙirjinsa kuwa fari mai zane-zane.

Hajiya Kongo: Ɗana, ƙara da wutsiya. Gindinta fari ne a dukkansu. Babbar mace tana da baƙin zane ɗaya mai faɗi, wani lokaci da siriri a sama. Namiji yakan yi biyu zuwa huɗu. Inda ake rikicewa shi ne tsuntsu a hunturunsa na biyu: bai gama zubar da gashi ba, sai ka ga tsofaffin gashin fiffike sun koɗe a tsakanin sababbi. Hoton da aka ɗauka rana na bayan tsuntsu yakan ɓoye wannan.

Malam Tudun Wada: Gaskiya ne, Hajiya. Shahon da za ka gani nan mai jar wutsiya Buteo auguralis ne, ƙwaurinsa ba gashi.