Su wa ke ɗauke da kulob ɗin tanis ɗinku?

Sakataren kulob:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambayata ga masu buga tanis ce a ƙananan kulob-kulob na jama'a, waɗanda mambobi ke tafiyar da su da kansu. Wa ke buɗe ƙofa da safe? Wa ke ɗaura raga, wa ke tsara jadawalin gasa? Mu a takarda muna da yawa, amma duk ranar da aka kira aikin fili fuskokin da ke fitowa ba sa canzawa, kuma duk furfura ta fara kama su. Zaɓen shugabanni ya matso, ba wanda ya nuna sha'awar ko kujera ɗaya. Don Allah kowa ya faɗi yadda abin yake a wajensu.

Dattijon fili:
Wa alaikumus salam Malam Sakatare. Ni filin jar ƙasa nake kula da shi tun da na yi ritaya. Wanda bai taɓa yi ba gani yake shara ce kawai. Tsawon filin mita 23.77 ne, faɗinsa 10.97 idan an haɗa da layukan wasan bibbiyu, ban da sararin da ke baya da gefe. Bayan kowane wasa sai an ja tabarmar baje ƙasa a kansa, a goge layuka da buroshi, a ba shi ruwa daidai gwargwado. Ruwa ya yi kaɗan, iska ta kwashe ƙasar. Ya yi yawa, ƙafa ta riƙa zamewa. Tsakiyar raga kuma dole ta tsaya a mita 0.914, shi ya sa na yanka sanda daidai wannan tsawo na rataye a jikin turke. Idan na yi aikin da kyau ba mai cewa komai. Ranar da ƙwallo ta yi tsalle a karkace, a ranar kowa ke tuna sunana. Amma fa ina son abina, kada a ce ƙorafi nake.

Maman 'yan biyu:
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ni ban taɓa riƙe raket ba kafin in kai yarana. Zama nake yi a benci ina danna waya, sai koci ya ce Hajiya ko za ki tsaya wa waɗancan huɗun ki riƙa jefa musu ƙwallo da hannu? Daga nan aka kama ni.
A nan na gane dalilin da ajin yara ke cin mutane. Ba ƙwallon manya suke bugawa ba. Akwai ja, wadda ta fi girma kuma ta fi tafiya a hankali, sai ruwan lemo, sai koriya. Hukumar tanis ta duniya, ITF, ce ta fito da tsarin a 2007, kuma daga 2012 ta hana amfani da ƙwallon manya a gasar 'yan shekara goma zuwa ƙasa. To masu jar ƙwallo a ƙananan filaye suke wasa, ana raba babban fili ɗaya gida huɗu. Koci ɗaya ba zai tsaya wuri huɗu ba. Kowane ɓangare sai da babba mai ƙirga maki, mai raba rigima, mai ɗaure igiyar takalmi. Kuma ƙa'idarmu ita ce ba a barin babba ɗaya shi kaɗai da yara, ko wane ne shi. Ranar da iyaye ba su fito ba, ajin ba ya yiwuwa.

Ma'aji:
Kowa na yabon mai shara da mai koyar da yara. Mai karɓar kuɗi fa? Abokinka na wasa, wanda kuka gama bibbiyu tare yanzu, shi za ka tare ka ce Alhaji kuɗin wata uku. Ƙwallo kuma da an buɗe gwangwani take fara saki. A manyan gasa ana canza ta bayan wasa bakwai na farko a cikin karawa ɗaya, sannan duk bayan tara. Mu sai ta yi sanƙo muke tura ta kwandon atisaye. Duk da haka ita ke cinye rabin abin da muke tarawa, sai fitila da gyaran shingen waya. Shawarata ga duk wanda zai karɓi wannan kujera: rasit a kan komai, sa hannun mutum biyu kafin a fitar da ko kwabo, a kuma manna lissafi a allo kowa ya gani. Aikin kyauta ba ya hana a zarge ka.

Sabon jini:
Ku yi haƙuri iyayena, zan faɗi ɗaya ɓangaren. Ba kullum ne matasa ke gudun aiki ba. Na je da kaina na ce zan mayar da rajistar lokacin wasa kan waya, don a daina faɗa a kan littafin da ke ɓacewa. Aka ce haka muka saba. Na ce to a ba ni gasar matasa in shirya, aka ce sai na ƙara daɗewa. Amma lokacin yamma mai sanyi, wanda kowa ke so, kullum sunan 'yan kwamiti ne a kai. Mutum ya yi shekaru yana hidima sai ya fara ganin kulob ɗin nasa ne. Ana kiranmu ɗaukar benci, ba a kiranmu shawara.

Dattijon fili:
Yaro, maganarka da ɗaci amma ba ƙarya a ciki. Ni kaina mabuɗin ɗakin kaya a aljihuna yake kwana. Sai dai ka sani, wasunmu sun taɓa miƙa aiki ga mai zumuɗi, bayan wata biyu aka neme shi aka rasa. Ka zo ranar Asabar ka koyi ba fili ruwa, in ka jure zan yanka maka naka mabuɗin.

Koci:
Ni biyana ake yi, don haka ina ganin abin daga gefe. Ranar gasa ce ke tona asirin kulob. A Wimbledon, babbar gasar tanis ta Ingila, yara masu tsintar ƙwallo kaɗai sun kai kusan 250. Mu a nan ko alƙali babu: kowane ɗan wasa shi ke yanke hukuncin layin ɓangarensa, in kuma yana shakka, ƙwallon ta abokin karawarsa ce. Manya ma suna rikici a kan wannan, balle 'yan shekara goma sha biyu da iyayensu na tsaye a bayan shingen waya. Dole a samu mutum mai sanyin rai da zai riƙa zagaya filaye, da wani a tebur yana rubuta sakamako yana kiran na gaba, da wani riƙe da akwatin taimakon gaggawa. Rashin mutum ɗaya a tebur ya taɓa sa muka kai dare ba a buga wasan ƙarshe ba.
Masu raina ƙananan filaye su tuna Venus da Serena Williams, manyan zakarun tanis na duniya, a filayen gwamnati na garin Compton a Amurka suka fara, mahaifinsu na jefa musu ƙwallo. Arthur Ashe kuma, shahararren ɗan wasan tanis, a 1969 ya haɗu da wasu suka kafa shirin tanis na yaran da ba su da halin shiga manyan kulob a Amurka.
Abu ɗaya nake roƙo: kada a ɗora wa mai sa-kai aikin da na ƙwararre ne. Gyara wa yaro riƙon raket ba daidai ba, sai a shekara ana warwarewa.

Mai keke:
Ni a keken guragu nake wasa. Dokarmu ɗaya da ta kowa, illa an yarda ƙwallo ta taɓa ƙasa sau biyu. Wani Ba'amurke, Brad Parks, shi ne ya faro wasan a 1976. Ƙafafun keken wasa a buɗe suke ta ƙasa, don haka ƙofar filinmu ba ta ɗaukarsa, sai an cire ƙafa ɗaya an shiga da ni. Wani mamba mai walda ya gani, bai ce min komai ba, mako na gaba na tarar an faɗaɗa ƙofar an zuba siminti a matakalar. Yanzu mu uku ne masu keke, kuma ni ke ɗaura wa mutane igiyar raket a kulob ɗin.

Tsohuwar sakatariya:
Ni na ajiye. Rajista ni, wasiƙu ni, neman masu tallafi ni, har wanke tawul. Na wayi gari na ga na fi wata ban buga wasa ba, alhali wasan ne ya kawo ni. Malam Sakatare, ka daina cewa "muna neman masu taimako", ba mai amsa wannan. Ka tunkari mutum ɗaya ka ce wane, awa ɗaya ranar Lahadi, teburin sakamako, na wata uku. Kuma ku sa wa kowace kujera wa'adi.

Sakataren kulob:
Na gode ƙwarai. Hajiya, zan kai maganar wa'adi gaban taro, shekara biyu sau biyu. Zan kuma rubuta ayyukan ɗaya bayan ɗaya da lokacin da kowanne ke ci, in manna a allo. Sabon jini, wace manhaja ka so ka yi rajistar da ita, kuma tana aiki ga wanda wayarsa ba ta da intanet?

Sabon jini:
Tana yi, Malam. Wanda ba shi da intanet ya turo saƙon tes, mutum ɗaya ya shigar masa. Zan turo maka bayanin da daddare.